Shekarar da Ubanku Ya Rataye Ni a Bango

Sani da Memuna, tun kuna ƙanana aka gaya maku cewa na bar ubanku ne don ba na son aikinsa, wai ni mace ce mai taurin kai da ba ta san darajar hannun da Allah ya ba mijinta ba. Kakarku Mma Lariba ta faɗa, danginsa suka maimaita, ni kuwa na yi shiru, don a lokacin maganata ba ta da mai saye. Yanzu ita ta rasu, shi ma ya rasu, gwiwoyi sun hana ni fita sana'a, sai na ga idan ban buɗe baki ba za a binne ni da labarin da wasu suka ɗinka mani. Abin da ya tayar da ni shi ne zuwan da Memuna ta yi da babban littafin nan na Turawa, ta buɗe shafi ta ɗora mani a cinya tana murmushi, wai in dubi irin son da Baba ya yi mani. Ban ce maki komai ba a ranar. To ga abin da ya faru.

Ubanku Isiyaka ba mugu ba ne, kuma ba na so ku gama karanta wannan ku ce uwarku ta kira shi mugu. Lokacin da aka ɗaura mana aure mai fenti ne a Nima, unguwarmu ta nan birnin Ankara. Shi ke rubuta allunan masu aski da na gidajen abinci, shi ke zana zaki da gaggafa a bayan manyan motocin da ke hawa arewa. Ya ɗan taɓa makarantar zane a Kumasi, rasuwar mahaifinsa ta dawo da shi bai gama ba, abin nan kuwa ya tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Kullum cewa yake allon aski neman tuwo ne kawai, aikin gaske shi ne zanen zamani, irin wanda ake ɗame kyalle a katako a yi, a rataye a ɗakin da mutane ke magana ƙasa-ƙasa. Muna haya kusa da babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi, gida mai ɗakuna a jere, ga Kotokoli ga Zabarmawa ga Dagomba ga Mosawa, kowa da harshen uwarsa, amma in faɗa ya tashi a bakin famfo da Hausa ake yin sa. Yakan zauna a bakin ƙofa da gawayi da takardar buhun siminti yana zana ni ina tsefe kai ko ina ba Memuna nono. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Duk gidan nan babu matar da mijinta ke yi mata dogon kallo irin wannan ba don neman laifi ba.

Ni kuma ina da tebur a kasuwar Nima, ina sayar da sabulu da madarar gwangwani da ashana, da sukari idan an samu. Ku da kuka tashi kuka tarar da kantuna cike ba za ku gane shekarar nan ba. Kaya sun ɓace daga Ankara ƙaf, mutum zai bi layi tun sanyin safiya ya koma gida hannu rabbana. Sojoji suka karɓi mulki, suka ce mu matan kasuwa mu ne muka ɓoye arzikin ƙasa a ƙarƙashin teburanmu. Kalabule suke kiran abin, wato ɓoye kaya da tsawwala farashi. Manyan da ke da sito da takardun shigo da kaya, mu dai a Nima ba mu ga an tuɓe bayan ko ɗayansu a rana ba. Mu da ke zaune a fili, mu aka samu.

Ranar Laraba ce, ranar da kasuwarmu ke cika. Motarsu ta tsaya, suka diddiro. Wanda ya nufo teburina gajere ne kakkaura, yana da tabo a gefen leɓe, ɗan arewa ne, da Hausar bariki a bakinsa, irin wadda ba ta raba mace da namiji. Ya sa ƙafa ya ɗaga buhun da na rufe ƙarƙashin tebur da shi, ya ga kwalin sabulun da ban kai ga buɗewa ba.

"Kai ne mai ɓoye sabulu?"

"Ranka ya daɗe, ba ɓoyewa na yi ba, tebur ne bai ɗauka ba."

"Kwanta."

Suka share kayana ƙasa, suka kwantar da ni rub da ciki a kan teburina, biyu suka riƙe ni hannu da ƙafa, shi kuma ya fizge zanina ya kwance bel ɗinsa. Ban ƙirga ba. Abin da na riƙe shi ne ƙanshin sabulu a katakon da kuncina ke kai, da kuma abin da na gani da na juya fuska wajen titi. Ubanku yana can ƙetaren titi a kan tsani, yana yi wa wani mai kemis allo, buroshi a hannunsa, fenti na ɗiga. Idonsa ya shiga cikin nawa. Bai sauko ba. Ku saurara da kyau, ban taɓa riƙe shi da wannan ba. Da ya sauko da gawarsa za a kwasa, ku tashi marayu. Mazan da suka fi shi ƙarfi da baki suna tsaye a wurin, kowa ya sunkuyar da kai.

Shi ya goyo ni zuwa gida. A makon nan cikin da nake ɗauke da shi ya zube, kuna da ƙane ko ƙanwa da ba a taɓa gaya maku ba. Na daɗe a kwance rub da ciki, shi ke gasa mani baya da ruwan zafi, ya shafa man kaɗanya, ya dama koko ya ba ni da cokali, har wanki ya yi a tsakar gida matan haya suna leƙensa suna ƙus-ƙus. In ya gama sai ya jawo kujera ya zauna kusa da gado da takardarsa da gawayinsa. Na ɗauka zaman jinya yake yi, hannunsa ne kawai bai iya zama haka nan. Da na warke na koma kasuwa, sai ya fara ɓacewa bayan la'asar, yana cewa wani malamin jami'a ya ba shi ɗaki a bayan gidansa yana wani babban aiki. Na yi masa addu'a. Har tuwo nake ƙulla masa ya tafi da shi.

Shekara ta kewayo, sojoji sun koma bariki. Wata safiya Fati mai ƙosai, wadda ɗakinta ke kallon namu, ta shigo ba ta ko gama sallama ba, da guntun jarida a hannu, irin wadda take ƙunshe ƙosai da ita, mai ya riga ya jiƙa gefe ɗaya.

"Adiza, wannan ba ke ba ce?"

Hoton wani zane ne aka buga, baƙi da fari, ƙarami, amma ko makaho ya shafa ya san ni ce. Ga billen da ke kuncina na hagu, ga wushiryata a bakin da ke buɗe yana ihu. Kafin azahar jaridar nan ta zaga gidan, kafin magariba ta zaga layinmu. Abin da mutane suka fara mantawa, don ba ni kaɗai aka yi wa ba, sai ya dawo sabo, ya dawo kuma da sunana ni kaɗai.

Ban tambayi ubanku ba. Washegari na yi wanka, na ɗaura atamfar sallata, na yafa gyale, na hau tirotiro, motar hayarmu, zuwa wani zaure da ke can wajen bakin teku inda aka ce ana baje kolin zane. Ban taɓa shiga irin wurin ba. Farin bango, fanka na juyawa, Turawa da 'yan boko riƙe da kofuna. Hoton yana bangon da ke fuskantar ƙofa, ya fi ƙofar ɗakinmu girma. Na tsaya na dube shi da kyau, kuma har yau in na rufe ido ina iya faɗa maku inda kowane launi yake. Sojan ya cinye rabin hoton. Ubanku ya ƙara masa tsawo, ya faɗaɗa masa kafaɗa, ya ba shi damtse irin na ɗan dambe, takalmansa na sheƙi, an ga an zauna an yi musu aiki da haƙuri. Amma ya ba mu baya, hularsa ta rufe ɗan abin da ya rage, babu fuska, babu tabon leɓe. Mutanen kasuwa kuwa inuwa ce kawai, an shafa su da toka-toka. Duk hasken hoton a kaina aka zuba shi. Sai na dubi jikina a hoton. A ranar nan sojan zanina ya fizge, rigata tana jikina har aka gama. A hoton babu riga. Ga bayana a fili, ga gefen ƙirjina ya bi katako, ga baƙin tawadar Allah da ke ƙasan kafaɗata, wanda ban da uwar da ta haife ni mutum ɗaya ne a duniya ya san da shi. Can a kusurwa ta sama ya zana bangon mai kemis, ya zana tsanin a jingine. Babu kowa a kan tsanin.

Wata Baturiya ta dubi hoton, ta dube ni, ta dafe ƙirji. Ta zo ta kama hannuna biyu tana magana idonta da ƙwalla, malamin jami'ar nan yana juya mani da Hausarsa ta kasuwa, wai ta ce ni jaruma ce, wai hoton ya nuna yadda namiji mai iko ke taka mace marar ƙarfi a ko'ina cikin duniya. Wani mai kyamara ya ce in matsa kusa da hoton in ɗan sauke gyale. A lokacin ne Isiyaka ya fito daga cikin mutane, sanye da kwat ɗin aro da hannunta ya yi masa tsawo. Da ya gan ni sai murmushin ya bushe a fuskarsa. Na zare hannuna daga na matar, na fita.

Sai bayan la'asar ya dawo gida. Na tura ku ɗakin Fati, na rufe ƙofa.

"Baban Sani, wa ya cire mani riga?"

"Adiza, ba ki gane ba ne. Zane ba kyamara ba ne. Na yi haka ne don mai kallo ya ji zafin a jikinsa."

"A jikinsa ko a jikina?"

Ya zauna bakin gado yana murza hannu, ya ce ya yi ne don duniya ta ga abin da aka yi mani, don kada wani ya tashi gobe ya ce ba a yi ba. Ya ce tun ranar nan bai yi barcin kirki ba, aikin nan ne kaɗai ya sauke masa dutsen da ke ƙirjinsa. Na yarda da shi, har yau na yarda. Dutsen dai ya sauke, amma a kaina ya sauke shi.

"To ina fuskar sojan?"

"Ban riƙe ta ba."

"Ka riƙe tawadar da ke bayana, ka manta tabon da ke bakinsa? Kai da ke zana mutum daga gani ɗaya a tasha?"

Ya yi ƙasa da murya.

"Sun koma bariki, amma ba su ajiye bindiga ba. In na sa fuskarsa, zuwa za su yi su ɗauke ni."

"Ni fa da ka sa tawa?"

"Ke ai babu abin da za su ƙara yi maki."

Wannan maganar ce ta kashe aurenmu, ba hoton kaɗai ba. A idonsa an riga an gama da ni, abin da ya rage a jikina na kowa ne. Soja ya zane ni da bel, mijina ya zana ni da fenti, kowannensu ya tafi da fuskarsa a rufe. Ban ko tambaye shi zancen tsani ba, na san amsar, shi ma ya san na gani. Abu ɗaya na roƙa. Na ce ya je ya sauke hoton, ko ya mayar mani da rigata ya sauya fuskar, ya sa ta wata wadda ba ta da dangi a Nima. Ya ce ba ya taɓuwa, an riga an yi alkawari da Baturiyar nan, hoton zai haye teku, kuma ana maganar a gayyace shi can ya yi karatun da bai gama ba. Ya ce don ku yake yi. Ya ce in ya taɓa fuskar, hoton ya mutu.

Mma Lariba ta zo daga Sabon Zongo da ta ji labari. Ta zauna a tabarma tana taunar goro, ta saurare ni har na gama.

"Yanzu ke a kan tsumma da fenti za ki kashe aurenki? Wanda ya doke ki yana can yana cin tuwonsa, sai wanda ya yi jinyarki za ki hukunta?"

"Mma, tsiraicina ne a bango."

"Turawa ne ke kallo. Su ina ruwansu da tsiraici? Ki yi haƙuri, ɗana ya samu hanya, kada ki zama ƙaya a kanta."

Aka kai maganar gaban limamin layinmu. Ya yi wa Isiyaka faɗa sosai, amma a kan zana mai rai ya yi faɗan, ya karanto abin da ya karanto, ya ce ya tuba ya koma rubuta alluna. Da ya juyo kaina sai ya ce abin da ya wuce ya wuce, mace ta gari takan rufa wa mijinta asiri. Na ce masa, Malam, ni wa zai rufa mani nawa? Sai ya shafa fatiha aka tashi.

Na nemi takardata. Isiyaka ya yi kuka, ya turo abokai, ya turo Fati, amma ko sau ɗaya bai ce zai sauke hoton ba, ni kuma shi kaɗai nake jira in ji. Da ya ga ba zan juya ba ya rubuta ya ba ni. Danginsa suka ce 'ya'ya nasu ne. Sani, ranar nan aka riƙe ka, kana tsaye a bakin famfo da kwanon wanka a hannu kana kallona ina ɗaure kaya. Memuna na tafi da ke a baya, da kika isa yaye Mma Lariba ta aiko aka karɓe ki. Na ƙetare kwata zuwa Mamobi wurin gwaggona Asana, muka kafa tukunyar shinkafa da wake a bakin titi, don teburin kasuwa ban ƙara iya tsayawa a bayansa ba. Daga inda nake zuba wa mutane abinci ina hango kwanon rufin gidanku. Kuna wucewa makaranta ta ɗaya gefen, an hana ku ƙetarowa, ni kuma in na aika maku da abinci a dawo da kwanon yadda ya tafi. Sunana ya ɓace a unguwa, na zama Mai Hoto. Wani direba mai mutunci ya nemi aurena, har an sa rana, 'yan uwansa mata suka ce ba za a kawo masu matar da Turawa suka gama kallo ba. Daga nan ban ƙara sauraron kowa ba.

Ubanku ya tafi Turai kamar yadda aka yi masa alkawari, ya bar ku hannun uwarsa. Na ji ya yi suna. Na ji kuma bai daina zana mata a ƙasa da maza a tsaye ba, don abin da aka san shi da shi ke nan, shi ake nema a wurinsa. Kuɗin makarantarku daga can ya fito, ban musa ba, kuma na san shi ya sa kuke ganin ni ce na yi asara. Ya dawo bayan shekaru da yawa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Sani, kai ka zo ka ɗauke ni a motarka, karo na farko da ka kira ni Mma tun kana yaro. Na same shi a kujera, hannun nan da ya yi komai yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Da ƙyar maganar ta fito.

"Adiza, ki yafe mani."

"Tsani na yafe maka tun ranar. Maganar da ka faɗa mani a ɗaki ma na yafe, tsoro ne ya faɗe ta. Hoton yana ina?"

"Yana can."

"A rataye?"

Ya gyaɗa kai. Na ce masa to wannan ba a gama yin sa ba tukuna, ban san yadda ake yafe abin da ake cikin yi ba. Na gyara masa bargon da ya zame daga gwiwarsa, na yi masa addu'ar samun sauƙi, na fito. Kun ce na yi masa rowar kalma ɗaya yana bakin kabari. Na je gaisuwar mutuwarsa, na yi masa sadaka, ina roƙa masa rahama a sallata. Abin da ban iya ba shi ne in yi masa ƙarya.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko gwaggo Asana. Ana cikin shekarun da aka koma zaɓe, wata rana da hantsi wani tsoho ya tsaya a gaban tukunyata, sanye da kakin masu gadi, da 'yar hular salla da tabon sujada a goshi. Samarin da ke cin abinci a benci suka matsa masa, suna ce masa sannu Baba, an tashi aiki? Ya ce alhamdu lillahi. Ya rame, gashinsa ya yi fari, amma tabon nan yana nan a gefen leɓensa. Na duba hagu na duba dama, titi cike da mutane, babu ko ɗaya da ya san wane ne wannan, kuma babu inda za su je su gani. Ya miƙo kwanonsa, ya ce in sa masa taliya da ƙwai, in ƙara yaji. Ina zubawa yana kallona, ya ɗan karkata kai.

"Hajiya, kamar na san fuskar nan."

"Kowa ya san ta," na ce.

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ya zauna a bencina ya cinye abincinsa tas, ya sha ruwa a kofina, ya yi hamdala, ya sa mani albarka, ya tashi ya bi titi a hankali, mutane suna ba shi hanya.